Yadda ake ƙera Dodo a wasan waya ba tare da an goge masa muninsa ba

Da zarar matasa sun haɗu a Nima, Mamobi ko Aboabo da niyyar mayar da tatsuniya wasan waya, gardamar farko a kan fuskar Dodo take tashi. Mai zane zai kawo shi da gashi buzu-buzu, haƙora zaƙo-zaƙo, tumbi na jan ƙasa. Mai tunanin kasuwa ya ce a'a, ba wanda zai so ganin wannan a wayarsa, a rage bakin, a faɗaɗa ƙirjin, a gyara idanun. Gyara ɗaya, gyara biyu, sai a wayi gari babu Dodo, saura wani ƙaƙƙarfan saurayi mai ƙaho.

Ba a kanmu aka fara ba. Dracula na littafin Bram Stoker na 1897 tsoho ne mai gashi a tafin hannu, mai warin baki, kunnuwansa da tsini. Fim ɗin Jamus na 1922, Nosferatu, ya bar shi da muninsa har ya ƙara masa. Zuwa 1931 Amurkawa suka sa masa kwat, suka kwantar masa da gashi, daga nan kyau ya yi ta hauhawa har mai shan jini ya koma jarumin soyayya. Abin ya sayu, wannan ba musu. Amma tsoron ya tafi, kuma a wasa tsoro kayan aiki ne, shi ke sa mai wasa ya ja da baya a lokacin da ya kamata.

Don haka a bar Dodo da muninsa, bisa sharaɗi biyu. Kowane yanki na munin ya zama yana gaya wa mai wasa wani abu, sannan kada a aro shi daga jikin mutanen da muke zaune da su.

Kafin ka ɗauki fensir

Ka sami takarda ka amsa tambaya uku: me yake ci, ina yake kwana, ta yaya yake kama mutum. Daga amsoshin nan jikinsa zai fito. Duk abin da ka zana wanda bai da tushe a cikinsu ado ne kawai, kuma shi ne farkon abin da za a goge idan gardama ta tashi, domin ba ka da hujjar kare shi.

Dubi Sasabonsam na Asante, wanda duk yaron da ya tashi a Kumasi ya ji labarinsa. Yana zaune a kan reshen babbar bishiyar kurmi irin rimi, ya sako dogayen ƙafafunsa ƙasa, ya ƙugiyo mafaraucin da ya bi ta ƙarƙashi. Haƙoransa na ƙarfe ne, jikinsa gashi, idanunsa jajaye. Ka lura babu abin banza a nan. Tsawon ƙafa shi ne makaminsa, lanƙwasar tafin ita ce ƙugiyar, gashin shi ke ɓoye shi cikin ganye. Idan ka ba shi ƙafa daidai ta mutum don ya yi kyan tsayuwa a hoton talla, ka kashe hanyar farautarsa, kuma ka kashe darasin da mai wasa ya kamata ya koya, wato ya riƙa duban sama kafin ya ratsa ƙarƙashin bishiya.

Dodon tatsuniyarmu shi mahaɗiyi ne. Yana haɗiye mutum, ya haɗiye shanu, a wasu labaran sai an farke cikinsa mutane su fito. Ke nan baki da ciki su ne Dodo. Muƙamuƙinsa ya buɗe har ya wuce inda na kowace dabba ke tsayawa, cikin kuma ya riƙa girma a idon mai wasa duk lokacin da ya haɗiye wani abu. Wannan kaɗai ya isa ya zama ma'aunin wasan: ciki ya cika, Dodo ya yi nauyi, lokacin kai masa sara ya yi.

Kada ka tsaya ga abin da ka tuna tun yarinta. Je wurin tsofaffin gida, ka nemi izini ka naɗi muryarsu a waya, mutum uku ko huɗu, domin kowace da irin Dodonta. Akwai kuma tatsuniyoyin da Malam Shaihu ya rubuta da ajami a nan Ghana tun tana Gold Coast, waɗanda R. S. Rattray ya buga a 1913. Inda ruwayoyin suka haɗu shi ne ƙashin bayan halittar, inda suka saɓa nan ne kake da 'yancin ƙirƙira.

Gwajin inuwa

Kar ka fara da fuska. Yi ƙananan zane ashirin da baƙin alƙalami mai kauri, kowanne bai wuce santimita 3 ba, cike da baƙi ƙirin, ba ido ba haƙori. Zaɓi uku da suka fi fita daban, ka ɗora su a manhajar zane ta Krita, ka rage tsawonsu zuwa fiksel 128 (fiksel shi ne ɗigon da ke haɗa hoto a allo), ka tura wayarka. Idan a wannan girman ba a gane ina kai yake, ina makami yake, zanen bai yi ba, komai kyan ƙurajen da za ka zuba masa daga baya.

Baligin mutum tsawonsa kamar kai bakwai da rabi ne, yatsunsa na tsayawa a tsakiyar cinya. Muni mai aiki yana zuwa ne daga karya wannan ma'auni da gangan, a wuri ɗaya ko biyu. Hannu ya sauko har ƙasan gwiwa, ko kai ya nutse tsakanin kafaɗu babu wuya, ko baki ya cinye rabin fuska. Idan ka karya ko'ina, idon mai kallo ba ya sanin inda zai sauka, sai halittar ta zama tarkace. Sannan ka saɓa dama da hagu: kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya, ƙaho ɗaya ya karye. Jikin da ɓangarorinsa biyu suka yi daidai cif ido na karanta shi a matsayin lafiyayye, kuma rabin kyau ke nan.

Gwaji na ƙarshe a nan shi ne ka cire launi gaba ɗaya, ka fita da wayar tsakar rana. Mutanenmu a tasha da cikin turoturo suke wasa, ba a ɗaki mai duhu ba. Baƙin Dodo a baƙin kurmi ɓacewa yake yi. Sa masa haske siriri a gefen jiki, kuma wurin da ya fi ko'ina haske ya zama wurin haɗarin, haƙora ko farata.

Inda ake samo muni, da inda ba a taɓawa

Wannan shi ne sashen da ya fi muhimmanci, kuma a nan masu zane da yawa ke zamewa ba da niyya ba. Idan aka ce wa mutum ya zana abin tsoro, hannunsa yakan tafi ga abin da aka saba tsorata yara da shi a unguwa: farar fatar zabiya, dungulmin kuturu, ƙusumbi, tabon ƙuna, shanyayyen hannu, tsohuwa mai jan ido da haƙori ɗaya. Waɗannan duka jikin mutane ne, kuma masu su suna nan a layinku, wasunsu za su riƙe wayar su yi wasan. Yaro zabiya da ya ga fatarsa a jikin abin da ake kashewa don samun maki, gobe a makaranta da sunan Dodon za a kira shi.

Batun tsohuwa kuwa a Ghana ba wasa ba ne. Har yanzu akwai matan da ke zaune a sansanoni irin na Gambaga saboda an zarge su da maita, kuma a Yulin 2020 an kashe wata tsohuwa mai shekara 90 da duka a Kafaba kan irin wannan zargi. Wanda ya zana mayya da siffar kakar kowa yana ƙara itace a wutar da ke ci. Idan labarinka na buƙatar mayya, ka sa maitar a abin da take zama da dare, wata halitta dabam da ba ta kama da kowa, kar ka sa ta a furfura da tamoji. A Birtaniya ma, cibiyar fina-finai ta BFI ta sanar a 2018 cewa ta daina ba da kuɗi ga fina-finan da ke amfani da tabon fuska a matsayin alamar mugunta.

Haka nan askar gado. Zanen fuska na Bahaushe, Badagombe, Bamoshe ko Bafrafra shaidar dangi ce. Sa shi a kumatun Dodo zagi ne ga gida guda, ko ka nufa ko ba ka nufa ba. Rawani, carbi, allo da rubutun Larabci su ma a bar su. Idan kana son laya a wuyansa, ɗinkakkiyar fata ce kawai, babu rubutu.

To daga ina za a samo? Daga dabbobi da abubuwa. Muƙamuƙin kada, gangaren bayan kura, tsiraicin wuyan ungulu, bakin tarwaɗa da gashinsa, ƙafar ƙaguwa. Wanda ke Accra ya je wajen asibitin sojoji na 37 da yamma ya ga jemagun da ke tashi daga itatuwan wurin, wanda ke Kumasi akwai su a gidan namun daji kusa da Kejetia. Ka duba yadda fatar fiffiken ke miƙe tsakanin yatsu, yadda take tattarewa idan ya naɗe, yadda yake rarrafe a reshe da babban yatsa. Hotuna goma na wannan sun fi duk abin da za ka kwafo daga wasannin waje. Don haƙoran Sasabonsam, zagaya Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ka ɗauki hoton tsohon ƙarfe: tsatsa ja ce a lungu, baƙa a inda mai ya taɓa, fara tas a bakin da ke gogayya. Haƙorin ƙarfen da ke tauna ƙashi haka zai kasance, tsini na sheƙi, gindi ya ci tsatsa. A haɗa dabba biyu, iyaka uku. Fiye da haka ba ya zama halitta ɗaya.

Akwai kuma munin kuskure, wanda ba shi ake nema ba. Masanin mutum-mutumi na Japan, Masahiro Mori, ya bayyana a 1970 cewa abin da ya kusa zama mutum amma bai kai ba yakan tayar wa mai kallo da hankali. Abin da ya sami Sonic, jarumin wasan bidiyo, ke nan a tallan fim ɗinsa na Afrilun 2019, da aka ba shi haƙora da ƙafafu irin na mutum, har aka ɗage fim ɗin zuwa Fabrairun 2020 aka sake zana shi. Idan Dodonka na sa mutane su ce zanen bai yi ba maimakon su ce abin ya ba su tsoro, duba haƙora, leɓe da fata. Galibi sun yi kusa da na mutum ne. Ka nisanta su.

Kyau ma yana da gurbinsa

Tatsuniyarmu ta riga ta warware wannan gardama. Kowa ya san yarinyar da ta ƙi duk manemi mai tabo ko ɗaya a jiki, har wani kyakkyawan baƙo ya zo ta ce shi take so. A hanyar zuwa garinsu sai ya riƙa mayar da kayan aro, wannan ya karɓi abinsa, wancan ya karɓi abinsa, har ainihin siffarsa ta bayyana. A wurinmu kyan Dodo tarko ne. Wanda ya mayar da shi kyakkyawa dindindin ya zubar da mafi daɗin abin da labarin ke da shi.

Ga yadda ake gina wannan a Blender, manhajar ƙera siffa mai jiki (3D). Ƙashi ɗaya za ka yi, wato tsarin ƙasusuwan da ke motsa siffar, jiki biyu a kansa. Raba kowane jiki gida biyar: kai, gangar jiki, hannun dama, hannun hagu, ƙafafu. A kowane zango na wasan sai a ɓoye yanki ɗaya na saurayin a bayyana na Dodon. Mahaɗar ita ce matsala, domin nan ake ganin tsaga. Rufe ta da tufafi: wuyan riga, bakin hannun riga, ɗamara. Matsala ta biyu, hannun Dodo ya fi na saurayin tsawo, don haka idan ka canja jiki kawai ba ka tsawaita ƙashin ba, fatar za ta murɗe a gwiwar hannu. Tsawaita ƙashin a daidai lokacin canjin, kuma ka ɓoye lokacin da ƙura ko juyawar kyamara na rabin sakan.

Tun daga farko ka bar alama ɗaya ga mai lura. Inuwar saurayin a ƙasa ta zama ta Dodo, ko ya zama ba ya ƙifta ido, ko karnukan gari su yi ta haushi idan ya wuce. Mai wasan da ya gano da kansa ba ya mantawa.

Lissafin ƙaramar waya

Yawancin masu wasanka Tecno, Itel ko Infinix ke hannunsu, masu ram giga 2 ko 3. Muni mai yawan tarkace yana cin waya, don haka a yi tsimi. Ƙananan dodanni da ke fitowa da yawa lokaci guda, alwatika (ƙananan yankuna masu kusurwa uku da ake gina jikin da su) 1,500 zuwa 3,000 kowanne ya isa. Babban Dodo na ƙarshen zango, 8,000 zuwa 12,000. Hoton fata ɗaya mai fiksel 1024 a kowane gefe, ƙasusuwa kada su haura 30. Haƙora shida zuwa takwas manya za ka gina da gaske, sauran a zana su a hoton fata.

Gashi shi ke kashe waya. Idan ka yi shi da ɗaruruwan falle masu ratsa haske, wayar na sake zana wuri ɗaya sau da yawa, ta yi zafi, wasan ya fara tsinkewa, batir ya zube. Yi shi curi-curi masu kauri, kamar goma sha biyu zuwa ashirin, irin dankararren gashin da bai taɓa ganin mataji ba. Ya fi sauƙi, kuma ya fi muni. In wasan na shimfiɗaɗɗen zane ne a manhajar gina wasa ta Godot ko Unity, tsawon fiksel 256 da hoto takwas na tafiya ya wadatar.

Motsi da murya

Rabin munin a motsi yake. Kada ka ɗauko tafiyar mutum da aka riga aka shirya ka ɗora masa, nan take zai koma mutum cikin kayan dodo. Sa taku ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kai ya riga jiki juyawa, ciki ya biyo baya da jinkirin hoto biyu ko uku. Ya iya tsayawa cak babu ko numfashi, sannan ya zabura.

Kafin kowane hari, jikinsa ya yi gargaɗi. Mutum na buƙatar kusan rubu'in sakan kafin ya mayar da martani ga abin da ya gani, taɓa gilashin waya kuma na ƙara jinkiri. Ba shi rabin sakan zuwa sakan 0.8, wato hoto 15 zuwa 24 idan wasan na gudu a hoto 30 cikin sakan. Gargaɗin ya fito daga mummunan yankin nan: muƙamuƙi ya saki, ko ƙafar Sasabonsam ta yi lilo sau ɗaya, ganye ya zubo. Iyakar da dukansa ke kaiwa kuma ta ɗan gaza abin da ido ke gani, domin mai wasan da ya kauce amma aka ce an same shi, wasan zai zarga, ba kansa ba.

Lasifikar waya ba ta fitar da gurnani mai zurfi, don haka muryar da ta girgiza ka a na'urar kunne za ta ɓace a waya. Haɗa sauti uku a manhajar gyaran sauti ta Audacity: numfashin mutum cikin bokitin ƙarfe, kukan tsohuwar ƙofa, da ƙarar zabo, ka sauke kaifinsu da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. A ɗaki za ka naɗa, ka jingina katifa a bango don amsa-kuwwa. Kuma kada ka manta Dodon tatsuniya yana magana, yana ma waƙa. Mummunan baki da ke rera waƙa da tattausar Hausa ya fi kowane ruri tayar da tsikar jiki.

In ana son a tausaya masa

Hujjar masu gyara fuska ita ce wai ba a tausayin mummuna. Ana yi, kuma ba sai an taɓa muƙamuƙi ba. Ido fari fat marar ƙwaya yana cewa babu kowa a ciki. Sa masa ƙwayar ido da fatar ido mai motsi, nan take ya zama mai tunani. Sauyin fuska uku sun isa: fushi, mamaki, da sunkuyar da gira. Sauran aikin hali ne. Ya kauce wa gidan tururuwa, ya tsaya jim a bakin rijiya yana kallon kansa, ya cika alkawarin da mutanen gari suka karya. Mai wasa zai ji nauyin kashe shi alhali fuskar tana nan yadda take.

Idan wasan na yara ne, abin da ake ragewa shi ne jini, miyau da raunuka, siffar kuwa a bar ta. Google Play na sa ka cika tambayoyi kan tashin hankali da ban tsoro kafin a ba wasan matakin shekaru, ka amsa gaskiya, domin amsar ƙarya na iya sa a cire wasan daga can.

Kafin ka kulle zanen, kai shi shagon wasan bidiyo na unguwa, in yara ne da izinin iyayensu. Nuna wa mutum goma hoton na sakan uku, ka kife wayar, ka tambayi kowa shi kaɗai: ta ina wannan zai kama ka? Idan bakwai suka nuna wurin da ka nufa, zanen ya yi. Idan suka yi dariya, duba ido da kai, galibi idanun sun yi girma sun yi zagaye, kai ya rinjayi jiki, gaɓoɓi sun gajarce, wato siffar jariri ke nan. Rage idon da rabi, ka tsawaita hannun. Idan kuma wani ya ce ya yi kama da wane na bayan masallaci, koma kan takarda ka sake fuskar daga farko.

Shi kuwa mai tsoron cewa mummunar fuska za ta kori masu saukewa, ba dole ba ne a sa Dodo gaba ɗaya a ƙaramin hoton wasan na Google Play. Sa yarinyar a gaba, a bayanta hannu ɗaya mai farata ya sauko daga reshe. Yi hoto biyu, ka gwada su a shafin wasan na Google Play, wanda ke da wurin gwada hotuna a kan masu ziyara, ka bar su aƙalla mako guda kafin ka zaɓa.